Me Ya Sa Sabis Ke Ɓacewa Idan Ka Sauka Wata Ƙasa?

[Hoto: ƙofar filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar III, matafiya na jan jakunkuna]

Jama'ar Sakkwato da kewaye, barkanmu da warhaka. Kwanakin nan tambaya ɗaya ce ta cika mana akwatin saƙo. Mutum ya saya wa ɗansa waya sabuwa dal, yaro ya tafi karatu Amurka, ya sauka lafiya, amma waya ta zama tocila. Kwana biyu ba a ji ɗuriyarsa ba, uwa ta kasa barci. Sai masana na ƙasan bidiyo suka taso: wani ya ce an kulle ta, wani ya ce jabu ce, wani ma ya ce a kai ta a yi mata filashin. Kowa ya zama injiniya.

Bari mu sallami masu sauƙin tukuna. E, akwai wayar da kamfanin layi ke kullewa, musamman tokumbo. Gwajinta minti ɗaya ne: cire layinka, saka na wani kamfani, in ta karɓa to a buɗe take. Haka kuma layinka na gida ba zai kama a waje ba sai an buɗe masa romin, wato damar hawa sabis ɗin kamfanin wata ƙasa, kuma romin na cin kati kamar gara. An gama da waɗannan. Yanzu ga inda gizo ke saƙa.

[Hoto: dattijo kan tabarma, ya zaro eriyar rediyo yana murɗawa]

Ku dubi baban nan. Duk wanda ya tashi a gidan da ake sauraren BBC da asuba ya san wannan murɗe-murɗen. Akwai gajeren zango, akwai matsakaicin zango, akwai FM. Ka sayi ƙaramar rediyon nan mai FM kaɗai, za ta kamo maka tashoshin cikin gari tas, amma ko ka kwana kana murɗawa ba za ta jawo abin da ke kan gajeren zango ba. Rediyon lafiyarta lau. Tashar ma tana nan tana watsa shiri. Kunnen jin wannan zangon ne ba a saka mata ba tun daga masana'anta.

To wayar da ke hannunka rediyo ce, illa dai ita tana ji kuma tana mayar da magana. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ɗaukar cewa 4G ɗaya ce a duk duniya. Ka ga an rubuta 4G a kwali, ka ji can ma 4G suke yi, shi ke nan. A'a. 4G kamar yare ne, zango kuma shi ne hanyar da muryar ke bi. Kuna iya jin yaren juna sarai, amma kowa na magana a ɗaki daban.

[Hoto: taswirar duniya, an raba ta launi uku]

Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, mai mazauni a Janeba, ta kasa duniya shiyya uku wajen rabon zangon iska. Afirka da Turai da ƙasashen Larabawa suna shiyya ta ɗaya. Nahiyar Amurka ta biyu. Yawancin Asiya da Ostareliya ta uku. Shi ya sa tun da GSM ta shigo Najeriya a 2001 muke kan zangon megahaz 900 da 1800, irin na Turai, su kuma Amurkawa suka bi 850 da 1900. Lambobin sun yi kusa da juna, amma kusa ba ta kamo sabis.

Da aka zo 4G sai aka ba kowane zango lamba. Ku duba allo. A nan gida kamfanoninmu sun fi aiki da B3, B7, B20 da B28. A Amurka kuwa za ka ji B2, B4, B12, B13, B66, B71. Ku sake dubawa a hankali. Kun ga lamba ɗaya da ta fito a jerin namu da na Amurka duka? Babu.

Ga wani tarko da ya fi kama masu ɗan ilimin abin. B28 namu yana kan megahaz 700. B12 da B13 na Amurka su ma 700 ake ce musu. Sai mutum ya ga 700 a bayanin wayarsa ya ce ai ya tsira. Sunan unguwa ne ɗaya, gidajen daban. Lambar da ke gaban harafin B ita za ka duba, ka manta da 700 ɗin.

[Hoto: ƙarfen sabis a bakin hanya, sannan ɗaki mai katangar siminti]

Nan zan ɗan tsaya, don wannan ne ke ruɗa mutane fiye da komai. Wani zai ce, ai ni tawa ta kama a filin jirgi. Gaskiya ne, ta kama. Ƙananan lambobi irin 700 da 800 su ke tafiya nesa, su ke ratsa bango, su kamfani ke dogara da su a ƙauye da cikin gini. Manya irin 2600 suna da gudu amma numfashinsu gajere ne. In wayarka ta dace da babban zango ɗaya tak a ƙasar da ka je, za ta yi ta rawar kai a tsakiyar birni, kana shiga ɗaki ko ka fita bayan gari sai ta yi tsit. Ka fito tsakar gida kana ɗaga ta sama kamar mai duban watan Sallah.

Da can akwai mafita, waya na gangarowa 3G ta lallaɓa. Amma manyan kamfanonin Amurka uku duk sun rufe 3G ɗinsu a 2022. Yanzu kiran murya ma ta 4G yake bi, wato abin da kuke ganin an rubuta VoLTE a saman allo. Wayar da ba ta da shi, ko kamfanin can bai amince da samfurinta ba, tana iya buɗe WhatsApp amma ta kasa kiran lambar da ke kusa da kai.

Yadda za ka duba kuwa, ga shi a allo. Shiga saitin, gangara wajen bayanin waya, kwafi lambar samfuri. Lambar fa, ba sunan ba. Waya biyu na iya zama suna ɗaya, launi ɗaya, kwali ɗaya, amma ɗaya an ƙera ta don Afirka, ɗaya don Sin ko Amurka, cikinsu ba ɗaya ba. Saka lambar a shafin kamfanin da ya ƙera ta, ka ga jerin B ɗinta, ka gwama da na kamfanin layin ƙasar da za ka. A ganina mai sayar da waya da bai iya nuna maka wannan ba, kwali kawai yake sayarwa.

[Hoto: maniyyata cikin farin kaya]

Alhazai da masu Umara, ku kwantar da hankali. Saudiyya shiyyarmu ɗaya, kamfanonin layinta STC da Mobily da Zain suna aiki da zangunan da yawancin wayoyinmu suka sani. Fasfo da hoton yatsa za a nema wajen sayen layi. Kawuna da ya je bara ya kira ni yana faɗa, wai "yaro, wagga waya ta mutu!" Ashe data ce a kashe tun daga Sakkwato.

Mai zuwa Japan ko Koriya ta Kudu, bar ƙaramar wayarka mai tocila a gida, ba su da 2G irin tamu. Mai sayen tokumbo kuma ya lura, iPhone 14 zuwa sama da aka sayar a Amurka ba su da ramin saka sim kwata-kwata, sai eSIM, wato layin da ake saka wa waya ba tare da katin sim ba.

[Hoto: kasuwar Illela, motocin kaya a jere]

Sai ku mutanen Illela, da ba ku buƙatar jirgi kafin ku fita waje. Kuna zaune a rumfarku, waya ta tsallaka Birnin Ƙonni ta kamo ƙarfen Nijar, saƙon barka da zuwa ya shigo, kati ya fara zurarewa. Ku shiga saitin layi, ku kashe zaɓin kai tsaye, ku danna sunan kamfaninku da hannu. Ga wurin nan na zagaye muku da ja.