Darasin ataliye: yadda ake tada moter tirifaze (mai faz uku) ba tare da an ƙona shi ba

Assalamu alaikum 'yan uwa masu aikin kuran, barkanmu da war haka, daga nan Damagaram. Yau ga moter nan bisa tebur, kilowat 7,5 ne, irin wanda kuke gani a injin niƙa ko pampon foraji. Shi ne mu a ataliye muke cewa asankoron. Yaro, matso da kamara nan su ga ciki.

Kun ga wannan mai juyawa, rotor kenan, babu waya ko ɗaya da ta shiga cikinsa, sandunan alminiyom ne kawai aka haɗe bakinsu kamar keji. To me ke juya shi? Bobin uku ɗin nan, wato naɗin waya na jikin gangar, in faz uku, wato layukan kuran uku, suka shiga sai ƙarfin maganaɗisu ya riƙa zagayawa, shi kuma rotor ya bi shi a guje amma har abada ba ya cim masa. Kuran ɗinmu 50 hertz ne, moter mai pol 4, wato bakin maganaɗisu huɗu, maganaɗisunsa na yin zagaye 1500 a minti, amma dubi plak, ɗan allon bayanin da ke jikin moter, 1450 aka rubuta. Wannan ɗan gibin shi ke sa ya yi aiki. Tun 1888 Nikola Tesla ya yi rajistar dabarar a Amurka kuma har yau ita muke ci.

To matsalar duk a tashi take. Wannan in yana aiki wajen amper 15 yake sha, amma lokacin da ka danna buton yana tsaye cik, sai ya zuƙi ninki shida ko bakwai, kusan amper 100 kenan. Shi ya sa in mai niƙan unguwa ya tada inji kuke ganin ampul ɗinku ya lumshe ido, in kuwa da grup ne, wato janareta, har nishi za ka ji yana yi.

Ƙaramin moter, kilowat uku huɗu, tada shi kai tsaye, kontakter ɗaya, mai haɗa kuran da moter, da rele termik, mai yanke kuran in moter ya sha fiye da ƙima, sun isa. Amma termik ɗin nan don Allah a daidaita shi da amper na plak, ba a murɗe shi har ƙarshe ba wai don yana yawan yankewa. Ai yankewar gaya maka yake akwai damuwa, watakila faz ɗaya ta tafi moter na gurnani bisa biyu, ga zafin watan Afrilu na garin nan da ya wuce digiri 40.

Babba kuma sai etuwal-tiriyangal, wato haɗa bobin uku kamar tauraro da farko, sannan kamar alwatika. Kontakter uku da tampo, mai ƙirga daƙiƙu. Ka fara a etuwal, kowane bobin na samun volt 220 maimakon 380, abin da yake zuƙa ya sauko zuwa kashi ɗaya cikin uku, in ya ɗauki gudu bayan 'yan daƙiƙu tampo ya mayar da shi tiriyangal. Sai dai ƙarfin juyawar ma ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, saboda haka kar ka cika injin da gero sannan ka ce ya tashi, a'a, bari ya tashi wayam tukuna.

Nan nake so ku buɗe kunne. Karanta plak! In an rubuta volt 380/660, bismillah, yi haɗinka. In 220/380 ne, wannan a layinmu etuwal kaɗai yake zama. Bara wani bawan Allah ya kawo mini nasa daga Zango, tun daga ƙofa na ji ƙauri, bobin ya yi baƙi ƙirin, ashe wanda ya haɗa masa bai duba ba ya jefa shi tiriyangal, bobin na 220 ya sha 380. Kuɗin sabon bobinaj ya fi na kontakter ukun nesa ba kusa ba.

Akwai kuma bariyater, shi hertz ɗin yake canjawa, ya taso da moter sannu sannu daga sifili kuma ka rage gudu ko ka ƙara yadda kake so, irinsa ne a pampo mai sola. Ni dai in da hali shi na fi so, amma tsada gare shi kuma ba ya shiri da ƙura, in hunturu ya kama sai ka riƙa hure masa fanka.

In moter ya juya baya, ba maita ba ce, musanya faz biyu kawai. Amma kashe disjonkter tukuna ka gwada da testa. Yaro, miƙo min turnabis mu cire baret ɗin nan, 'yan ƙarafan da ke haɗa bakin wayoyi, in nuna musu yadda wayoyi shida ke fita.