Wanda ya fi sheki shi ya fi asara

Salamu alaikum jama'a, yau a lab zan wuni, ku yi hakuri da karar da kuke ji a baya, famfon injin PECVD ne ke zuke iska, injin da muke shimfida siririn silikon a kan gilas da shi don hada sola.

Kun ga gilasai biyun nan a hannuna? Jiya na shimfida musu silikon da iskar silane mai dauke da silikon, zafi wajen digiri 200. Na dama kamar madubi, har kyamarata ta fito a ciki, na hagu kuma dishi-dishi kamar hazo ya kwanta masa. Nasan da za a ce ku zaba na dama zaku dauka, nima da nazo kasar nan sabo haka nayi, har hoto na dauka ina washe baki, sai wata abokiyar aikina tace min malam wannan shekin ai hasken da ya tsere maka ne. Kunya kamar in nutse.

Gaskiyarta. Silikon mai santsi yana mayar da sama da kashi 30 cikin 100 na hasken da ya sauka masa, ga shi namu siriri ne, nanomita 300 kacal, alhali wefa, wato fallen silikon da ke cikin sola na yau da kullum, tana wuce maikuron 100 (maikuron daya nanomita 1000 ne), to jan haske sai ya ratsa ya wuce abinsa bai bar komai ba. Zaku ce a kara kauri mana. Ba ya yiwuwa, tun 1977 masana Staebler da Wronski suka nuna irin wannan silikon din namu, wanda ake kira amorphous, rana na rage masa karfi, kuma in yayi kauri abin ya fi muni.

Shi yasa muke bata fuskar da gangan. Na hagun nan akwai shimfidar sinadarin zinc oxide a karkashin silikon dinsa, na tsoma shi cikin asid mai ruwa-ruwa na dan dakikoki ya ci kananan ramuka, haske in ya shiga sai ya watse ya dinga kai da kawo a ciki kamar tsuntsu a daki har silikon ya shanye shi. Lissafin masani Yablonovitch na 1982 yace tafiyar hasken a ciki na iya ninkuwa kusan sau 50, a takarda kenan fa.

Amma in ramukan sunyi tsini da yawa silikon din tsagewa yake a kwarin, wuta ta dinga yoyo, sati biyu na taba rasawa a haka. Bari in sa safar hannu mu kai shi kan AFM, na'urar da ke auna kananan tudu da rami, mu ga zurfin ramin.