Dafa Dutsen Tanki Ba a Kan Wuta Ake Yi Ba

(Hoto: tukunya a kan risho, babu wuta, dutse a ciki)

Jama'a, assalamu alaikum. Ku leƙa cikin tukunyar nan. Babu wake, babu ganda. Dutse ne, irin wanda muke sakawa a tankin kifin ruwan gishiri. Ban kunna rishon ba, kuma ba zan kunna ba. Na ɗora ne kawai don ku ga abin da ke ta yawo a wayoyinmu kwanan nan.

Wani ɗan'uwa a Agege ya turo mini hoton dutsensa ya yi baƙi-baƙi, gansakuka ta lulluɓe shi kamar gashin da ba a taje ba. Ya ce, Malam, na ji Turawa suna cewa dafa shi ake yi, minti nawa zan bar shi yana tafasa? Na bar abin da nake yi na kira shi nan take. Daga baya na gane ba shi kaɗai ba ne. Daga Idi-Araba har Obalende tambayar ɗaya ce.

Ba laifinku ba ne. Masu wannan sana'a a Amurka da Turai su ne suka laƙaba wa aikin kalmar girki, alhali babu wuta a cikinsa ko kaɗan. Mu kuwa da muka tashi muna jin cewa mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa, da jin dafa dutse sai hankali ya tafi kicin. To haƙurin dai yana nan, za a buƙace shi sosai. Romon ne ba a sha.

(Hoto: tanki daga nesa, sannan kusa da ramukan dutse)

Bari mu yi sauri a nan. Wannan abin da ake kira dutse mai rai, asalinsa ƙashin murjani ne, wata halittar ruwa, da ya mutu tuntuni a teku, sinadarinsa kalsiyam kabonet, irin na ɓawon ƙwai da katantanwa. Ran ba na dutsen ba ne, na mazauna ramukansa ne: bakteriya, ƙananan soso, tsutsotsi, ƙwari masu kama da jatan lande. Bakteriyar nan ce ke mayar da amoniyar kashin kifi mai guba naitrait, ta sake mayar da shi naitret da bai kai su cutar da kifi ba. Wato dutsen shi ne matatar tankinka. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu launi. Kafin ka taɓa komai, sa yatsa da hanci su yi maka bincike.

Wannan mai kalar jar albasa ko ruwan hoda, da ka kankara ka ji tauri kamar fenti, koralin ne, wata irin gansakuka mai tauri. Alheri ne, ƙyale shi. Wannan ruwan ƙasa kamar ƙurar harmatan a gilashin mota, da ka hura ruwa ya tashi, dayatom ne. Sabon tanki kusan duk sai ya yi shi, yana cin silika, silikar ta ƙare ya tafi da kansa cikin 'yan makonni. Wannan ja mai yauƙi da ke ɗagowa kamar ɓawon kunu, sayano ne, yana son lungun da ruwa bai motsi, zuƙe shi da tiyo ka juyo famfon kaɗa ruwa wajen. Wannan mai kama da majina, da ƙananan kumfa a jikinsa, ku gafarce ni masu cin abinci, dino ne, yakan zo idan naitret da fosfet, wato abincin gansakuka da ke cikin ruwa, sun sauka sifili, kuma yana kashe dodon koɗi. Fari fat kuma koralin ne ya mutu. Ko an bar dutsen a iska ya daɗe, ko an canza fitila farat ɗaya, ko ruwa ya yi zafi. A Legas zafin nan ba sai na faɗa ba. A ɗauke wuta da rana a watan Maris, fanka ta tsaya, tankin da ya kamata ya zauna a digiri 25 ko 26 ya haye 30, kwana biyu ka ga dutse kamar an shafa masa alli.

Duk waɗannan da na lissafa, babu wanda ke buƙatar a fitar da dutse daga tanki. Ra'ayina ke nan, kuma na san wasu za su yi gardama. Mafi yawan masu neman dafa dutse, gyaran ruwa suke buƙata da ɗan ƙyale tanki ya huta.

Wanda ake dafawa daban yake. Tsohon dutse ne da ya shekara yana shan datti, ka tuge gansakuka yau jibi ta dawo. Ko na hannu da ka sayo daga wanda ya gaji da kiwon. Ko wanda ka juya ka ga ƙasansa baƙi ƙirin, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, alamar wurin ya daɗe babu iska.

(Hoto: a kashe kiɗa, fuskar mai magana)

Me ya sa na ce kada a tafasa? Ku ba ni minti biyu a nan, don shi ne dalilin wannan bidiyo.

Ku dubi waɗannan 'yan halittun masu kama da maɓallan riga, da ka taɓa su sai su rufe. Zowa ake ce musu, wani irin murjani ne mai laushi, danginsu kuma falitowa. Suna da kyau, suna da saurin yaɗuwa, shi ya sa sabon shiga ke son su. Wasu daga cikinsu suna ɗauke da guba mai suna falitoksin, tana cikin mafi ƙarfin gubar da aka sani a halittun teku. A shekarar 1971 masana biyu a Jami'ar Hawai, Moore da Scheuer, suka fara ware ta, daga irin falitowar da mutanen tsibirin Maui suka daɗe da sanin tana kisa. Zafi ba ya lalata ta. Ka zuba tafasasshen ruwa a kai, gubar ta bi tururi, kai kuma kana tsaye a kan tukunya kana shaƙa. Likitoci sun sha rubuta labarin mutanen da suka kwanta asibiti ta wannan hanyar. A 2015 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoto kan mutanen Alaska da suka kamu tsakanin 2012 da 2014, wasunsu ma ba ruwan zafi suka zuba ba, aikin murjanin kawai aka yi a cikin gida.

Alamunta: ɗaci-ɗaci kamar ƙarfe a baki, tari, zazzaɓi, jan ido, ƙirji ya riƙe. Babu makarinta, sai dai asibiti su tallafa wa numfashi har jiki ya warware. Idan ya faru, a fita waje, a buɗe tagogi, a tafi asibiti a gaya wa likita ainihin abin da aka taɓa, don ba kullum yake ganin irinsa ba, zai iya ɗauka maleriya ce.

Za ka ce dutsena ba shi da zowa. Ka leƙa kowane rami? Guda ɗaya a rufe bai fi ƙwayar wake ba, kuma launinsa ɗaya da dutsen. Sannan ku tuna irin gidajenmu na haya a garin nan, ɗaki yana kallon ɗaki, kicin ɗaya, yaran maƙwabta suna wasa a baranda. Tururin ba ya tambayar wanda ya ɗora tukunya.

A ce ma babu gubar. Dutsen duk ramuka ne cike da ruwa da iska, wuta na iya sa shi ya tsage ya fallatso. A ce ma bai tsage ba, me ka samu? Ka kashe bakteriyar da ka biya kuɗi dominta, gawar duk abin da ke ciki tana nan maƙale a ramuka, ka mayar tanki ta ruɓe, amoniya ta tashi, kifi ya fara haki a saman ruwa. Fosfet ɗin da ke ciyar da gansakukar kuwa ko gezau, yana nan manne da dutsen. Ka ƙona gas a banza.

(Hoto: shuɗin durom, bokitai biyu, famfo, burushi)

To ga yadda ake yi. Durom ɗin roba mai tsabta da bai taɓa ɗaukar sabulu ko mai ba. Ruwan gishiri irin na tankinka, awo 1.025 a ma'aunin gishiri, wanda aka haɗa da tataccen ruwa na injin tace ruwa da ake kira RO da gishirin tanki. Ba gishirin miya ba. Ba ruwan mai kura ba, ba na burtsatse ba, don ruwan ƙasa a wurare da yawa na Legas, musamman ɓangaren Lekki, ƙarfe ne a ciki, kuna ganin yadda yake rina baho. Kuma don Allah kada a ɗebo na lagun, wato tafkin nan na Legas. Na san teku na nan kusa, abin da haushi, amma ku dubi abin da kwatoci ke kai masa.

Safar hannu doguwa, tabarau, takunkumi, kuma a waje. Idan akwai murjani mai rai a jikin dutsen, a cire shi a cikin ruwa a bar shi a tanki, don ba zai rayu a duhu ba. A tuge gansakukar da hannu, a goge sauran da burushi a cikin bokitin ruwan gishiri, dutsen a nutse, kada ya riƙa fantsama. A girgiza shi sosai. Ku dubi abin da ke fita.

(Hoto: ruwan bokiti yana komawa kamar kunun kanwa, a bar shi ya ɗan jima babu magana)

Shekara nawa wannan yake kwance a ciki?

Sai a jera a durom, a saka famfon kaɗa ruwa, a rufe yadda haske ba zai shiga ba amma iska na shiga. Shi ke nan girkin. Duhu shi ne wutar. Gansakuka da haske take rayuwa, babu haske sai ta mutu. Bakteriya ba ruwanta da haske, sai ta ci gaba da cinye dattin. Fosfet kuma da yake ruwan da ke kewaye da dutsen ya fi shi tsabta, sai ya riƙa saki a hankali yana shiga ruwa. Kai aikinka duk mako ka fitar da dutsen, ka girgiza a bokiti, ka zubar da ruwan durom gaba ɗaya da laka da ta kwanta a ƙasa, ka zuba sabo. Idan ba ka canza ruwan ba, dutsen zai daina saki, kamar mai wanki a ruwan da ya riga ya yi dauɗa.

A ƙasashen sanyi suna saka hita. Mu a nan ajiye kuɗinka, inuwa za ka nema, don famfo ma yana ɗumama ruwa a rufaffen durom. Matsalarmu wuta ce. Famfo ya tsaya dare guda, iska ta ƙare a ruwan, da safe ka buɗe ka ji wari. Ya taɓa faruwa da ni, ban so in tuna. A jona shi da inbata, ko a tanadi ɗan famfon iska mai batir. Ruwa in ya ragu saboda zafi, tataccen ruwa marar gishiri ake ƙarawa, domin gishirin bai bi iska ba.

Kada a kwashe dutsen tanki duka lokaci ɗaya. Na ce ku riƙe maganar matata. Ɗauki kashi ɗaya cikin uku, sauran su ci gaba da yi wa kifi aiki.

Har yaushe? Wata ɗaya zuwa biyu, tsohon dutse ya kan kai uku. Kalanda ba za ta gaya maka ba, abin gwaji ne zai gaya maka. Ka canza ruwa, bayan kwana uku ko huɗu ka gwada. Amoniya sifili, naitrait sifili, fosfet ya tsaya ƙasa da 0.1 bai ƙara hawa ba, ƙasan durom babu laka, ka sansana ka ji ƙanshin bakin teku. To ya nuna.

Masu tambayar ko ana wanke dutse da bilic, a taƙaice: ana yi, amma dutsen ya zama matacce, sai an ɗauraye sosai, an sa maganin cire kulorin, an shanya a rana, an sake raya shi daga farko. Kuma kada a kuskura a haɗa bilic da asid ko ruwan tsami, iskar da ke tashi tana ƙona huhu.

(Hoto: dutse yana komawa tanki)

Ga shi ya fito. Fari-fari, ba kyau, kamar wanda ya tashi daga jinya. Koralin ɗinsa ma ya kwashe a duhun, wannan shi ne kuɗin girkin. A rage hasken fitila makon farko, a riƙe sinadaran da koralin ke girma da su, wato kalsiyam tsakanin 400 da 450 a abin gwaji, alkalin wajen 8 ko 9, a sa shi kusa da dutsen da ke da koralin, a ɗan kankaro masa. Zai fara yin ruwan ƙasa ko kore-kore tukuna, kada gabanku ya faɗi ku sake ɗauko durom. Bayan wata biyu ko uku ku haska tocila ku nemi ɗigo-ɗigon ruwan hoda kamar kan allura. Ga nawa nan, ku matso da kyamara, ɗaya, biyu, ga na uku a lungu.

Tukunyar kuma bari in mayar wa uwargida kafin ta lura.