Kana Ganin Malam a Zoom Amma Ba Ka Jin Muryarsa? Ga Inda Gizo Ke Saƙar

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda ƙungiyar zumunta ta mayar da karatun wata-wata kan Zoom, don na Legas da Kano da Saudiyya su samu tare da mu na Birnin Kebbi, ƙorafi ɗaya ke ta shigowa guruf: "Muna ganin bakin Malam na motsi, amma shiru kake ji." Wani ya zargi sabis, wani daga Jega har ya kai wayarsa wajen mai gyara. Wayarku lafiyarta ƙalau.

Farkon mai sauƙi ne. Taɓa adireshin da Magatakarda ya turo. Rubuta sunanka na gaskiya, don Allah, kada Shugaba ya riƙa yi wa "Tecno" barka da zuwa. Jira a buɗe maka. Ka shigo.

To, a nan zan ja birki. Ku dubi wannan ɗan akwatin da ya fito a ƙasa. Zoom ya raba hoto da sauti, kowanne da ƙofarsa. Hoto kan zo da kansa, sauti kuwa sai ka ce kana so. Wanda ya tsallake wannan akwati kamar mai leƙen majalisa ne ta gilashin taga, yana ganin kowa, ba ya jin kowa.

Rubutun da ke ciki shi ne "Wi-Fi or Cellular Data". Shi za ka taɓa. Na san abin da ke sa iyayenmu ja da baya: da sun ga kalmar data sai gabansu ya faɗi, su ɗauka wani sabon caji ne. Baba, Allah ya ƙara girma, datar da ka riga ka saya ce, ba a cire ko kwabo daga katinka. Mai cin data sosai shi ne hoto, murya kaɗan take ci. In tsimi kake so, kashe kyamararka.

In akwatin ya ɓace fa? Taɓa tsakiyar allo. Can ƙasa ta hagu, ga alamar abin sawa a kunne. Taɓa ta, akwatin zai dawo. In waya ta nemi izinin makirfo, ba ta.

Yanzu ku lura da kyau, alamar ta rikiɗe ta koma makirfo. Wannan ce shaidar ka shiga sauti. Sake taɓa ta har jan layi ya gitta. Kana jin Malam, mu kuma ba ma jin kukan akuya da hayaniyar yara a tsakar gidanka. A ganina wannan jan layin ladabin majalisa ne, sai lokacin tambaya a cire shi.

Saura ɗaya. Zoom na kyauta kan yanke taro bayan minti 40. Ba korarka aka yi ba, koma ta adireshin nan dai. In ba ka son maimaita zancen sauti kullum, shiga saitin Zoom, ɓangaren taro, ka kunna "Auto-connect to audio".

Karatu na gaba kan rabon gado ne, ranar Asabar ƙarfe 8:30 na dare. 'Yan uwa na Makka da Madina, agogonku na gaba da namu da awa 2, wato 10:30 ke nan a wajenku.