Amsoshin Tambayoyinku: Kantin Daily Table na birnin Boston

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙar farko daga Maraɗi ta fito, inda wani malamin makaranta ke cewa: "Na ji labarin wani kanti a Amurka mai sayar da kayan abinci da rahusa ba don riba ba. Wa ya kafa shi, kuma me ya hana shi raba abincin kyauta?"

To malam, cikin irin waɗannan kantuna wanda ya yi suna shi ne Daily Table. Doug Rauch ne ya kafa shi, mutumin da ya yi shekara 31 a kamfanin Trader Joe's mai jerin kantunan kayan abinci a Amurka, 14 daga ciki yana shugabancinsa. An buɗe kantin farko a watan Yunin 2015 a Dorchester, unguwar masu ƙaramin ƙarfi a birnin Boston. Reshen Roxbury ya biyo baya a 2018, na Cambridge a 2021, sai Mattapan da Salem a 2023.

Batun kyauta kuwa, nan ne gizo ke saƙar. Rauch ya lura cewa da yawa daga cikin mabuƙata ma'aikata ne, albashin ne bai kai ba, kuma gara su haƙura da a gan su a layin sadaka. Wanda ya zaɓi kayansa da hannunsa ya biya, ko kaɗan ne, ya fita da mutuncinsa. Sannan yunwar can ba ta rashin abin sawa a baki ba ce. Abinci mai maiƙo da sukari shi ne mai araha, ganye da 'ya'yan itace su ne masu tsada, shi ya sa ƙiba da ciwon sukari suka yi katutu a unguwannin talakawa. Don haka kantin bai sayar da lemon kwalba ko alewa ba, kuma ya sa iyaka kan gishiri da sukarin da ke cikin kayansa. A lokacin yana da ɗakin girki a Dorchester inda ake dafa miya da abinci a zuba a robobi, amma da sanyinsa ake sayarwa, mutum ya je gida ya ɗumama. Da gangan ne: katin tallafin abinci na gwamnati, wato SNAP, ba ya sayen abinci mai zafi.

Wata baiwar Allah daga Kumasi ta ce: "Ba abincin da ya lalace ake tura wa talakawa ba?"

Hajiya, ba ke kaɗai ba, wannan sukar Rauch ya sha tun kafin ya buɗe ƙofa, domin da farko ya yi maganar sayar da kayan da kwanan watansu ya ɗan wuce. Abin sani shi ne, a dokar tarayyar Amurka madarar jarirai ce kaɗai aka wajabta wa kwanan wata. Sauran, kamfani ne ke bugawa don nuna lokacin da kaya suka fi ɗanɗano. Inda haɗarin yake shi ne sanyi. Nama, madara da dafaffen abinci sai an riƙe su a digiri 4 ko ƙasa da haka a ma'aunin Selshiyos. Idan suka wuce awa biyu a waje, ƙwayoyin cuta sun samu gida, ko da kwanan watan na da saura mako guda. Kayan kantin sun fito ne daga rarar manoma da masana'antu, irin su karas mai karkata ko tuffa mai tabo da manyan kantuna ke ƙi, da kuma sari a farashi mai sauƙi. Wata doka ta 1996 ma tana kare wanda ya ba da abinci da kyakkyawar niyya daga shari'a. Sai dai rara ba ta da alƙawari: yau akwai, gobe babu, mai saye kuwa kullum yana son ƙwai da madara. Hakan ya sa a hankali sari ya rinjayi rarar da ake ba kantin kyauta.

Ta ƙarshe daga Kano: "Kantin yana nan har yanzu?"

A'a. Lokacin da kantin ke aiki, ciniki yana biyan sama da kashi biyu cikin uku na kuɗin gudanarwa, ragowar kuma daga masu ba da gudummawa da tallafin gwamnati. Bayan annobar korona farashin kaya ya tashi, kantin kuma ba ya iya ɗora wa masu sayensa ƙarin gaba ɗaya, ga gudummawa ta ja baya. An rufe reshen Mattapan a farkon 2025, a watan Mayu kuma hukumar gudanarwar ta sanar da rufe sauran huɗun, saura 'yan makonni kantin ya cika shekara goma.