"Ina za ka?": yadda Turanci ke maganar abin da bai faru ba

Assalamu alaikum warahmatullah. Na baya kuna jina? To madalla. A ɗan rage ƙarar fankar nan don Allah.

Abubuwa biyar na rubuto a takardar nan kan yadda ake maganar gobe a Turanci, in lokaci ya bari. Na farko, kuma kada ku firgita: aikatau na Turanci ba shi da wata siffa ta musamman ta lokaci mai zuwa. Ku ɗauki "walk". In an riga an yi, sai ya koma "walked", an liƙa masa jela. To wace jela ake liƙa masa don gobe? Babu. Bafaranshe yana da ita. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun san "je marche" yana komawa "je marcherai". Mutumin Ingila kuwa aro yake yi, ya jawo wata kalma ya ajiye a gaba. "Will" ɗin nan da aka sa mu haddacewa tun firamare, asalinta a tsohon Turanci "willan" ce, ma'anarta so. Wato "I will go" a da can, "ina son tafiya" ne. Shi ya sa har yau takardar wasiyya sunanta "will", abin da mamaci ya so a yi.

Na biyu, nan ne zuciyata take, ku yi haƙuri in na daɗe: bambancin "will" da "going to".

Kai, mai farar hula, in ka gamu da abokinka a hanya me kake ce masa? "Ina za ka?" Shi kuma ya ce "Za ni kasuwa." Ku lura da kyau. Ina aikatau a cikin "za ni kasuwa"? Ba "je", ba "tafi". "Za" ɗin ita kanta tafiya ce. Wannan "za" ta tafiya ita muka ɗauka muka mai da ta alamar abin da ke tafe: zan ci, za ta karanta, za mu gani. "Za ni" ɗin nan shi ne ya koma "zan". To abin da Bature ya yi da "going to" ke nan, ba ƙari ba ragi. Ya ɗauki tafiya ta ƙafa ya mai da ita tafiyar lokaci. Mai burokin Turanci a Legas ma haka ya yi, "I go come". Bafaranshe ya ce "je vais manger". Ranar da na fara gane wannan, wallahi sai da na tashi daga kujera don daɗi. Shekaru muna koya wa yara abin kamar baƙon aljani, ashe yana cikin bakinsu tun suna goye.

Amma ga inda gizo ke saƙar. "Zan" ɗinmu guda ɗaya tana ɗaukar kaya biyu, Turanci ya raba su. Ku zo mu shiga gida. Inna tana madafi, ta ɗaga murfin gwangwani ta ce, "Af, gishiri ya ƙare." Ɗanta yana zaune a tabarma, bai san da zancen ba sai yanzu. Ya miƙe ya ce, "I'll buy some." Yanzu-yanzu ya yanke shawarar, a bakinsa aka haife ta. Wannan "will" ce. To a ce tun da safe yaron ya leƙa gwangwanin, ya karɓi kuɗi wajen Baba, suna aljihunsa. Inna ta yi magana, sai ya ce, "I'm going to buy some." Niyya ta riga magana. Gishiri ɗaya, yaro ɗaya, shago ɗaya, amma Bature yana jin bambancin kamar yadda kuke jin bambancin "gari" na tuwo da "gari" na mutane.

Bari in maimaita, don na ga wasu suna rubutu ba sa kallona. An ƙwanƙwasa ƙofa, ka ce "I'll get it." Ba wanda ya kwana da niyyar buɗe ƙofa. (dariya) Amma wadda ta shekara tana adashe don sayen keken ɗinki, ita "I'm going to buy a sewing machine" za ta ce.

Haka hasashe. Ka fito tsakar gida da la'asar a watan Agusta, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kwasar ledoji, mata suna rige-rigen kwashe shanya, awaki suna neman rumfa. Me za ka ce? "It's going to rain." Hujjar tana gaban idonka. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to wannan Larabar ita ce "going to". In kuwa zato ne kawai daga ranka, sai "will", kuma za ku ga tana yawan tafiya da "I think" ko "probably". Mu ma muna da makamancinta, irin "ma gani" ko "ya zo ai", wadda ba ta kai "zai zo" ƙarfi ba. Ba daidai suke ba sak, amma kunnenku ya saba da cewa gobe hawa-hawa ce.

Na taɓa duba takardun wani aji, yara sittin da wani abu, an ce su rubuta shirinsu na hutu. Kowace jimla "I will", "I will", tun daga sama har ƙasa. Abin ya dame ni ƙwarai, don yaran ba su da laifi. Allo ɗaya aka rubuta musu, ginshiƙi uku, jiya da yau da gobe, aka sa "will" a na ƙarshe aka rufe littafi. Sannan a tura su jarrabawar WAEC a ce su yi rubutu mai armashi.

Na uku... a'a, na nawa muke? Na uku ne. Abin da aka riga aka tsayar tare da wani, an sa rana: "I'm seeing the doctor on Monday." Siffar yanzu ce, amma maganar Litinin ake. Abin da ke kan jadawali kuma, kamar jirgin ƙasa ko jarrabawa, "The train leaves at eight." Af, tunda mun zo nan: "I'm coming". Mutuminmu zai miƙe yana fita yana cewa "I'm coming", don "ina zuwa" ce a ransa. Baƙo daga Landan ya yi ta kallon ƙeyarsa, yana zuwa kuma yana tafiya! (dariya) Ku ce "I'll be right back."

"Shall" kuma a gurguje. Wani masani, John Wallis, a littafin nahawunsa na 1653 ya tsara cewa "I" da "we" su ɗauki "shall", sauran su ɗauki "will". Yau da wuya ka ji ana bin haka a hira, balle a Amurka. Ta rage a tayi, "Shall we go?", da kuma harshen doka, inda take nufin dole. Ku buɗe kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, sashe na 14, inda aka ce tsaro da walwalar jama'a "shall be" babban aikin gwamnati. Asalin kalmar ma bashi ne, abin da ake bin mutum.

Saura "will be doing" da "will have done"... Na'am, malama? A miƙa mata makirufo.

Ta ce ta rubuta "When I will finish school, I will marry", malami ya ja jan biro a kan "will" ta farko, alhali duka biyun ba su faru ba. Allah ya kawo nagari, malama. (dariya) Tambayar nan ta fi abin da ya rage a takardata. Faɗa min jimlar da Hausa. Yauwa: "Idan na gama makaranta zan yi aure." Kin ce "idan zan gama"? Ba ki ce ba. Bakinki bai yarda ba. To Turanci ma bai yarda ba. Bayan "when", "if", "before", "after", "until", "as soon as", in ana maganar lokaci ko sharaɗi, siffar yanzu ake sawa: "When I finish school." Mu muna sa ta abin da ya kammala, su suna sa ta yanzu, amma dukanmu mun kori alamar gobe daga wannan ɓangaren.

Kada kuma ki je ki goge kowace "will" da ta bi "when". "I don't know when he will come" daidai ce. Juya ta: "Ban san yaushe zai zo ba." Kin ga "zai" ta dawo? Inda "when" take nufin "yaushe", "will" tana shiga. Inda take nufin "idan" ko "sa'ad da", ba ta shiga. Gwada da "if": "Ban sani ba ko zai zo." Nan ma "I don't know if he will come."

An ɗaga min hannu daga ƙofa, an kira la'asar. Biyun da suka rage sai Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu. Malama, ki zo da takardar nan mai jan biro, da ita za mu fara.