Amsoshin Tambayoyinku: Yawon keke da yara a gonakin inabin Faransa lokacin zafi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wata baiwar Allah 'yar Damagaram da ke zaune a Paris. Ta ce ita da maigidanta da yara uku, ƙaraminsu ɗan shekara shida, suna so su yi hutun Yuli a kan keke a bakin kogin Loire. Maigidan ya ce wanda ya san rani a Damagaram zafin Turai ba zai yi masa komai ba. Tana tambaya ko haka ne, kuma ko akwai abin da iyalin da ba sa shan giya za su ƙaru da shi a yankin da ya yi suna a kan giya.

To Hajiya, kun zaɓi hanya mai kyau. Ana kiranta Loire à Vélo, tsawonta kusan kilomita 900, daga kusa da Nevers har bakin tekun Atlantika, kuma yawancinta shimfiɗaɗɗiya ce ba hawa. Ba sai kun yi ta duka ba. Tsakanin Tours da Saumur ma ya ishe ku, kilomita 20 zuwa 30 a yini.

Amma a gaya wa Alhaji, da girmamawa, zancen nan nasa ba mu yarda da shi ba. A Damagaram ba wanda ke ɗora yaro a kan keke ya yi ta tuƙi a tsakiyar rana, ana neman inuwa ne a zauna. Zafin 2003 ya kashe mutane kusan 15,000 a Faransa, kuma a Yunin 2019 ma'auni ya kai digiri 46 a kudancin ƙasar. Ga shi kurangar inabi gajera ce, ba ta ba mutum inuwa, farar ƙasar wurin kuma tana mayar da zafi fuska.

Abin da ke rudar mutanenmu shi ne agogo. A lokacin bazarar Faransa rana ba ta kaiwa tsaka sai wajen ƙarfe 2, zafi kuma yana tsananta ne tsakanin 3 da 6 na yamma. Wanda ya ce bari a huta da azahar a tashi da la'asar, ya tashi daidai lokacin da wutar ke ci. Ku fita da sanyin safiya, ku sauka kafin 12. In akwai sauran tafiya, rana ba ta faɗuwa sai kusan 10 na dare.

Kowace safiya ki duba taswirar gargaɗi ta hukumar hasashen yanayi ta Faransa, Météo-France. In yankinku a taswirar ya koma launin ruwan lemo ko ja, a jingine kekuna, a hau jirgin ƙasa, don jiragen yankin suna ɗaukar keke. Kada ki jira yaro ya ce yana jin ƙishirwa, ki riƙa ba shi ruwa yana kurɓa, ki jiƙa masa riga. Idan kika ga ya yi shiru, fuska ta yi zafi, yana kukan ciwon kai ko jiri, a kai shi inuwa nan take. In ya fara sambatu, kira 112, lambar agajin gaggawa. Hular kwano kuwa doka ce ga duk yaron da bai kai shekara 12 ba, tun 2017.

Don Allah, kome zafi kada a shiga kogin. Loire yana kama da kwantaccen ruwa, amma yashinsa na zabtarewa ƙarƙashin ƙafa, ruwan kuma yana ja.

Batun giya kuwa, ba wanda zai tilasta muku. Akwai gidajen sarauta irin na Amboise da lambunan Villandry. A kewayen Saumur akwai ramukan da aka sassaƙa cikin farin dutse, sanyinsu bai wuce digiri 12 zuwa 13 ba ko a tsakiyar zafi, a wasunsu naman kaza ake nomawa, kuma ana buɗe wa baƙi. Can za ku kai yara da rana, amma ki riƙe musu rigar sanyi. Wajen neman masauki kuma ki nemi mai alamar Accueil Vélo, akwai wurin ajiye keke da kayan faci.